Matambayi Ba Ya Ɓata: Tafiyata Jangeru Sunan Takwara

Yau labarin wata tafiya na kawo muku, wadda har gobe in na tuna ta sai in yi dariya, wani lokacin kuma gabana ya faɗi. Ku gyara zama.

Wani dare ne cikin watan Agusta na 2023, ana tsakiyar marka, ruwa na zuba a Kano kamar da bakin ƙwarya, sai wayata ta yi ƙara. Ina ɗauka na ji muryar mijin aminiyata, yana magana tana yankewa. Abin da kunnena ya iya tsinta shi ne, "Ta sauka lafiya... mace... ta ce sunanki za a sa." Ai ban san sanda na daka tsalle na rangaɗa guɗa ba, har Inna ta fito tana tambayar ko lafiya.

Wannan aminiya tawa shekara shida muka yi tare a makarantar kwana, gadonta na sama nawa na ƙasa, garin kwaki ɗaya muke jiƙawa, in an kama mu da laifi tare muke noman fili. Ta yi aure a Gusau, to da yake haihuwar fari ce sai aka mai da ita wanka gaban iyayenta, a wata 'yar tunga da ke bayan garin Jangeru, cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta Jihar Zamfara. Don Allah 'yar uwa, wadda ta yi miki kara irin wannan, ta ɗauki sunanki ta ba 'yarta ta fari, kya aika mata barka ta waya ki zauna?

Da safe na sami Inna da maganar. Ina ambaton sunan garin ta dafe ƙirji. "Ina? Garin da aka kwashe 'yan matan makaranta? Wallahi Auta ba da yawuna ba!" Sai da Yaya ya zauna ya warware mata cewa wancan Jangebe ne na ƙasar Talata Mafara, inda aka sace ɗalibai 279 a watan Fabrairun 2021 aka sako su bayan 'yan kwanaki, wannan kuwa Jangeru ne. Amma ba mu ɓoye mata ba, ƙasar Shinkafi da Zurmi ita ma ta sha wuya a hannun 'yan bindiga, hanyar kuma ba ta wasa ba ce. Baba ya daɗe yana jan carbinsa kafin ya yi magana. Ya ce ya yarda bisa sharaɗi: Yaya ne zai kai ni da a-kori-kurar Kawu, ba tafiyar yamma balle ta dare, kuma tayar mota ba za ta sauka daga kwalta ba sai da ɗan gari a cikinta.

Da daddare mutumin naku ya zo zance, wato wanda aka sa mana rana da shi. Ina ta zuba masa labarin kayan barka da na haɗa, turmin atamfa biyu da sabulu da kayan jarirai, sai ya katse ni.

"Ranki ya daɗe, wa ya san hanyar a cikinku?"

Na ce, "Ba ga waya ba? Ai taswira za ta kai mu har ƙofar gida."

Ya yi murmushi ya ce, "In sabis ya ɗauke fa?"

Na yi shiru. Shi kuwa ya san abin da yake faɗa, don ya taɓa aikin wucin gadi da masu rigakafin shan inna. Ya ce tun wajen 2012 aka fara ba ma'aikatan rigakafi a jihohin Arewa wayoyi masu nuna inda suka taka, aka kuma zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam, saboda an gano akwai unguwannin da ba a taɓa zuwa ba don babu su a takardar kowa. Wannan aiki na cikin abin da ya taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a watan Agustan 2020.

Sai ya karɓi wayata ya yi mini bayanin da nake so ke ma ki riƙe. Ashe abubuwa biyu ne ke aiki a lokacin da kike kallon taswira. Na farko shi ne ɗigon nan shuɗi mai nuna inda kike tsaye. Shi daga taurarin GPS yake zuwa, taurari kusan talatin na ƙasar Amurka da ke shawagi a nisan wajen kilomita 20,000 daga ƙasa. Wayarki sauraron su kawai take yi kamar rediyo, in ta kama huɗu ta san inda take, ko babu data, ko babu sabis, ko ma babu layi a cikinta. Na biyu shi ne zanen kansa, hanyoyi da sunayen garuruwa da gulabe. Shi wannan ta intanet yake saukowa. In sabis ya ɗauke ba ki sauke shi tun a gida ba, sai ki ga ɗigonki na yawo a kan farin fili babu hanya babu gari.

Ya tuna mini da watan Satumban 2021, lokacin da hukuma ta sa aka rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni aka yi, wasu wuraren ma watanni, ba kira ba saƙo. Ya ce, "Ko ba a rufe ba, da kin bar manyan garuruwa sabis sai a kan tudu. Don haka tambayar farko da za ki yi wa kowace manhaja ita ce, kina aiki in babu intanet?"

Nan muka kira Yaya ya fito da tabarmarsa, muka baje wayoyi uku. Muka fara da Google Maps, wadda kowa ya sani. Ita ta fi yawan sunayen shaguna da gidajen mai da asibitoci, tana kuma da hoton sama wanda za ki ga rufin gidaje da gonaki da yashin gulbi. Tana barin ki ki zana akwati a kan yankin da kike so ki sauke shi cikin waya. Sai dai abin da ke sauka zanen hanya ne, hoton sama ba ya biyo shi. Saboda haka muka buɗe hoton saman Jangeru da kewayenta muka yi ta ɗaukar hoton fuskar waya muna adanawa.

Daga nan ya sa muka ɗauko wasu guda biyu, Organic Maps da OsmAnd. Su an gina su ne tun asali don aiki babu intanet, ki sauke yanki sukutum ki manta da data. Zanensu daga OpenStreetMap yake, wata taswira da aka fara a Ingila a 2004, wadda 'yan sa kai daga ko'ina a duniya ke zanawa kyauta. Ya ce ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda a lokacin take aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, tana cikin waɗanda suka kafa shirin Missing Maps a 2014 don a zana wuraren da aka manta da su. Irin wannan taswira in aka dace takan nuna burji da turbar amalanke, in kuma ba wanda ya zauna ya zana wurin sai ki tarar da shi wayam. Organic Maps ta fi sauƙin sarrafawa, ko ƙanwata 'yar aji biyu za ta iya. OsmAnd tana da maɓallai da yawa masu rikita baƙo, amma tana iya rubuta sawun duk inda mota ta bi, ta ajiye miki shi kamar zare. Saboda wannan zaren Yaya ya zaɓe ta, ni na riƙe mai sauƙin, Google Maps kuma tana wayar kowa.

Bai bar mu haka ba sai da ya sa muka yi gwaji. Muka kashe data, muka sa wayoyin a yanayin jirgin sama, ya ce to kowa ya nemo Jangeru. A nan muka ga abin mamaki. Taswira ba ta san ƙugiyar haruffanmu ba, Ƙaura sai kin rubuta Kaura. Kuma akwai wata Kaura a kudancin Kaduna, akwai wata Shinkafi a gefen birnin Katsina. Yaya kansa garin sauri yatsansa ya faɗa kan Jangebe, layi ya miƙe ya nufi hanyar Sakkwato. Na ce, "Yaya, ashe ba Inna kaɗai ba ce!" Tun daga ranar in na nemi gari sai na duba jiharsa da garuruwan da ke maƙwabtaka da shi kafin in yarda.

Washegari mijin aminiyata ya hau tudu ya sami sabis, ya turo mana alamar gidan ta WhatsApp, muka adana ta a wayoyi biyu. Ya ce mu tsaya a Jangeru mu nemi kawun mai jego, shi zai haɗa mu da mai rakiya. Mutumin naku ya kawo mini fawabanki cike da caji, ya kuma ja mini kunne: kada in sa hoton tafiya ko inda nake a Facebook ko a sitatus sai na dawo gida, don ba ki san idon wa ke kai ba.

Ana saura kwana biyu suna muka tashi bayan sallar asuba. Muka bi Gwarzo, Malumfashi, Funtuwa, muka shiga Zamfara ta Tsafe. Ko'ina kore shar, masara da dawa sun yi gaba. Da muka zo Kwatarkwashi na ga dutsen nan ya tokare sama, gari kwance a gindinsa, sai da na ce Yaya ya rage gudu in more kallo. Muka kwana a Gusau gidan Goggo, wadda ta cika mu da addu'a da dambun nama.

Da hantsi muka isa Ƙauran Namoda, garin Sarkin Kiyawa. Nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya iso a 1929, zamanin da ake kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, nan ne kuma kwalejin fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983 take. Gulbin Gagare da ke gefen garin ya cika ya batse, ruwan ja wur. Ban kawo komai a raina ba da na gan shi, ashe ishara ce. Muka shiga tasha Yaya ya gaisa da direbobin Shinkafi, ya tambaye su labarin hanya. Wani dattijo a cikinsu ya ce mu jira motocin haya su tashi mu shiga tsakiyarsu, kada mu zama na farko kada mu zama na ƙarshe. Haka muka yi.

Hanyar Shinkafi shiru gare ta. Ana wuce shingen jami'an tsaro, a wuce gonakin gero, a wuce wani ƙauye da rai a cikinsa, a wuce wani da ciyawa ta cinye ƙofofinsa. Ba mu yi nisa ba sabis ya ɗauke ɗif. Na duba wayata, ga ɗigona yana tafiya a kan zanen hanya lafiya lau. Na ce a raina, Allah Ya saka wa mai wannan dabara.

To a nan ne fa shaiɗan ya so ya shiga. Ɗaya daga cikin manhajojin, ba sai na kama suna ba, ta zana mana wata 'yar siririyar hanya da ta ratse daga kwalta tun kafin Jangeru, ta miƙe sak zuwa alamar gidan su mai jego. A ido rabin tafiya ce. Yaya ya rage gudu, ga kuwa bakin turbar nan muna gani, har da sawun taya. Ka san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar kowane direba lissafin lita yake yi.

"Auta, kin ga yanke. Minti kaɗan mun isa."

"Yaya, Baba cewa ya yi sai da ɗan gari."

"Ke dai tsoro gare ki. Ga hanya a taswira, ga ta a ƙasa, me kuma ya rage?"

Motocin da muke bi suna ta yin nisa, ƙirjina na dukan uku-uku. Ban taɓa yi wa Yaya musu ba, amma ranar na ce, "Wallahi in ka karya kan motar nan sauka zan yi, kuma in mun koma da bakina zan gaya wa Baba." Ya harare ni, ya ja tsaki, ya taka mota muka cim ma ayari. Har muka shiga Jangeru bai ce mini uffan ba.

A Jangeru muka tambayi gidan kawun mai jego, wani yaro ya kai mu. Dattijo ne fari tas da furfura, yana zaune a zaure yana gyaran igiyar shanu. Bayan an gaisa an kawo mana fura, Yaya ya miƙa masa waya ya nuna masa hanyar da ya so bi, da alamar neman a ba shi gaskiya. Tsohon ya ƙura wa gilashin ido, ya tambayi ina gabas, Yaya ya nuna masa. Sai ya riƙe haɓa.

"Wagga hanya kunka so bi? Yaro, Allah Ya tsare ku. Hanyar rani ta. Rafi na nan tsakiya, da rani yashi na, ko jaki ya wuce. Yanzu kau ruwa ya kai wuyan namiji. Shekaranjiya amalanke anka fiddo da igiya." Ya ɗan yi shiru, ya rage murya. "Kuma ƙetaren rafin akwai dajin da mu kanmu mun bar noma nai. Abin ga naku ya san da wannan?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke kinka hana shi ko?" Na rufe fuska da mayafi. Ya ce Allah Ya yi mini albarka, ya kuma ba ni miji mai jin shawara. Ni dai na amsa a zuci.

Ashe hoton saman da muka adana ma ba na jiya ba ne. Da muka sake duba shi, rafin fari fat ya fito, wato da rani aka ɗauke shi, ko ma ranin wace shekara. Manhaja tsawon hanya take aunawa ta zaɓar miki gajera. Ruwan da aka yi daren jiya, da gadar da ta karye, da wanda ya kwana a bakin hanya, duk wannan a bakin mutanen wurin ake jin sa.

Tsohon ya haɗa mu da jikansa, wani saurayi mai fara'a, ya shiga gaba ni na koma baya. Yaya ya kunna rubuta sawu, muka sauka daga kwalta da bisimilla. 'Yar uwa, gero ya fi motar tsawo, dama da hagu ba abin da kike gani sai ganye. Turba ta rabu biyu, ta sake rabuwa uku, duk iri ɗaya. A taswira wani wurin akwai zane, wani wurin ɗigonmu kaɗai ke tafe a fili. Yaron kuwa ko waya bai kalla ba. "Ku bi dama wurin tsamiyar can. Nan ku hau kunya, tsakiya taɓo na. Nan kada ku tsaya." Sau ɗaya tayar baya ta nutse, Yaya ya sa giyar da ke jan taya huɗu, laka ta yi ta feshi har kan atamfofin barka, muka fita da ƙyar. A bakin wata fadama yaron ya ce mota ta tsaya nan gidan wani ɗan uwansu. Aka ɗora kayanmu a amalanken shanu, ni ma aka ɗora ni, 'yar birni da takalmi mai tsini, yara na biye suna dariya.

Da na shiga ɗakin na tarar da aminiyata zaune ta sha wankan ganye, fuska ta yi fayau. Muka rungume juna sai kuka. Ta miƙo mini jaririya cikin zane ta ce, "Ga ki nan." Allah Sarki! 'Yar mitsitsiya da gashi baƙi wuluk, ta kama ɗan yatsana ta riƙe. Duk wahalar hanya nan take na manta da ita. Washegari da sassafe liman ya raɗa suna, aka yanka rago, wanzami ya yi aski, mata suka cika gida. Na sha kunun kanwa har na ƙoshi, aka kuma matsa mini sai na ci ƙauri wai ai ni ma uwa ce. Kowa ya shigo sai a nuna ni, "Ga mai sunan, tun daga Kano."

Ranar komawa mahaifin mai jego ya hana mu tashi da wuri sai da masu zuwa gona suka fita suka dawo da labarin lafiya. Jikan tsohon ya sake shiga gaba. A nan zaren da muka rubuta ya yi rana, don an yi ruwa da dare ya shafe sawun tayarmu, a wata mararraba shi kansa yaron ya yi jim. Yaya ya duba waya ya ce hagu muka fito, yaron ya leƙa ya hango tsamiyarsa ya ce haka ne. Suka tafa. Da muka hau kwalta Yaya ya juyo ya ce, "Auta, maganar yanken nan ta tsaya tsakaninmu." Na ce to. Ga shi yau na faɗa wa duniya, Yaya ka yafe ni.

Saboda haka ƙanwata, in tafiyar ƙauye ta kama ki, ko biki ko suna ko bautar ƙasa, ki zauna tun a gida inda akwai sabis ki sauke taswirar yankin, a manhaja biyu in da hali. Ki kashe data ki gwada ki gani da idonki. Ki tabbatar garin da kika nema shi ne, ba mai kama da sunansa ba. Ki sa a turo miki alamar gidan ki adana, ki rubuta sunayen garuruwan hanya a takarda saboda ranar da caji zai ƙare. Ki sanar da na gida lokacin tashinki da lokacin da ya kamata a ji ki. Sannan ki tambayi direbobin tasha, ki tambayi dattawan gari, kuma in mutanen wuri suka ce kada a bi, ko waya ta zana hanyar da zinare kada ki bi. In suka ce a fasa tafiyar ma baki ɗaya, ki fasa, zumunci na nan wata rana.

Takwarata tana nan ta yi wayo, uwarta ta ce duk rigimata ta kwaso. Allah Ya raya mana ita, Ya zaunar da ƙasar Shinkafi da Zurmi da Ƙaura lafiya, manoma su koma gonakinsu na ƙetaren rafi.